Tafiyar ƙafa kai kaɗai a duwatsun Sarek na arewacin Suwidin: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga bakin 'yan uwa mazauna Turai, ɗalibai da ma'aikata, waɗanda suka ga hoton kwarin Rapa da ke cikin Sarek suka ƙudura sai sun taka shi, amma suka rasa abokin tafiya. An fara da masu sauƙi kafin a shiga masu zurfi.

Ina ne Sarek, kuma me ya bambanta shi da sauran wuraren yawon dutse?

Sarek gandun daji ne na ƙasa a ƙuryar arewacin Suwidin, cikin gundumar Jokkmokk, arewa da da'irar Aktik. An keɓe shi a 1909, yana cikin gandaye na farko da aka keɓe a Turai, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 1,970. Akwai kogunan ƙanƙara, wato manyan tarin ƙanƙara da ke kwance a kan duwatsu shekara da shekaru, wajen ɗari a cikinsa, da ƙololuwa shida da suka haura mita 2,000, mafi tsawonsu Sarektjåkkå mai mita 2,089. Tun 1996 yana cikin yankin Laponia da UNESCO ta sa a jerin wuraren gadon duniya, tare da maƙwabtansa Padjelanta da Stora Sjöfallet.

Abin da ya bambanta shi shi ne abin da babu. A tsakiyarsa babu hanya mai alama, babu ɗakin kwana, babu shago, babu sabis na waya, gadoji kuma 'yan ƙalilan ne. Da gangan aka bar shi haka. Duk abin da za ka ci, ka sa, ka kwana a ciki, a bayanka zai shiga kuma a bayanka zai fito.

Ban taɓa irin wannan tafiya ba. Zan iya farawa da Sarek?

A'a. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka fara da Kungsleden, hanyar ƙafa mai tsawon kilomita wajen 440 daga Abisko zuwa Hemavan. Ɓangarenta na arewa, daga Abisko zuwa Nikkaluokta, kilomita ɗari da 'yan kai ne. Yana da alamomi, yana da gadoji, kuma duk bayan kilomita goma zuwa ashirin akwai ɗakunan katako na ƙungiyar yawon buɗe ido ta Suwidin, STF, da mai kula a ciki, wasu har da ɗan shago. Ka tafi da tantinka ka riƙa kwana a waje kusa da ɗakunan. A nan za ka san ko takalminka na cin ƙafa, ko tantin na jure iska, ko kana iya dafa abinci cikin ruwan sama, alhali taimako bai fi tafiyar rabin yini ba. Wanda ya yi wannan, ya koyi taswira da kamfas, ya gwada ƙetare ruwa tare da masani, shi ne zai fara maganar Sarek.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba. A watan Yuni dusar ƙanƙara na kan narkewa, koguna sun cika sun batse, wuraren da ake ƙetarewa ba sa ƙetaruwa. Yuli yana da haske dare da rana, amma shi ne watan sauro, kuma sauron wannan yanki gayya yake yi. Ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, sai dai yana hana mutum cin abinci a waje, don haka ragar rufe fuska dole ce ga mai zuwa a lokacin. Da sanyin dare ya fara sauka a Agusta sai sauron ya ragu, ruwa ma ya ja baya.

A Satumba ganye kan koma ja da rawaya, kuma shi ne lokacin da ya fi kyan gani. Kuɗinsa shi ne raɓa mai daskarewa da dare da yiwuwar dusar ƙanƙara a kan tuddai. Daga wajen tsakiyar watan zuwa ƙarshensa ɗakunan STF da jiragen ruwa da motocin haya sukan daina aiki, saboda haka ka duba jadawalin shekarar kafin ka yanki tikiti.

Yaya ake isa can?

Jirgin ƙasa na dare daga Stockholm. Mai shiga ta kudu ya sauka a Murjek ya hau bas ta Jokkmokk zuwa Kvikkjokk, inda titi ya ƙare. Mai shiga ta arewa ya sauka a Gällivare ya hau bas ɗin Ritsem. A kan wannan hanya akwai Kebnats, inda jirgin ruwa ke ɗaukar mutane zuwa masaukin Saltoluokta, akwai Suorva, sannan Ritsem kanta, inda ake ƙetare tafkin Akkajaure da jirgin ruwa. Ba a yarda jirgi mai saukar ungulu ya sauke 'yan yawo a cikin Sarek ba.

Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Schengen, wadda ke tafiya da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ka karanta takardar inshorar da kyau, don ba kowace ce ke ɗaukar raunin da aka samu a yawon dutse ba.

Wace hanya aka fi bi, kuma kwana nawa take ci?

Sananniyar hanya ita ce daga Ritsem zuwa Gisuris, a shiga kwarin Ruohtesvágge har Skárjá a tsakiyar gandun, a gangara ta kwarin Rapa zuwa Aktse, inda akwai ɗakin STF, daga nan a kama Kungsleden zuwa Saltoluokta ko Kvikkjokk. Mutane kan yi ta cikin kwana bakwai zuwa goma. Kada ka auna tafiyar da ma'aunin titi: kilomita goma zuwa goma sha biyar a yini ya isa, kuma a ƙasan kwarin Rapa, inda ake kutsawa cikin sarƙaƙiyar gajerun itatuwa da fadama, kilomita ɗaya kan ci awa guda. Ka ƙara abincin kwana biyu a kan lissafinka saboda ranar da hazo ko kogi zai tsare ka.

Wanda yake son ganin kwarin ba tare da ya shiga tsakiya ba, ya hau Skierffe daga Aktse. Dutse ne mai mita 1,179, gefensa ɗaya a yanke yake tsaye, kuma daga kansa ake ɗaukar hoton nan na rassan kogin Rapa da ke shiga tafkin Laitaure. Tafiyar yini ɗaya ce zuwa da dawowa. A ganina ita ce ta fi dacewa da shekarar farko.

Namun daji fa? Beyar ba za ta far mini ba?

Wannan ce tambayar da aka fi yi, kuma ita ce mafi ƙarancin muhimmanci. Akwai beyar, akwai kyanwar daji, amma suna gudun mutum, mafi yawan masu tafiya ko sawunsu ba sa gani. Dabbar da za ka iya cin karo da ita a kwarin Rapa ita ce wadda 'yan ƙasar ke kira älg, ƙatuwar dabba mai faffaɗan ƙaho. Ka ba ta hanya, musamman uwa mai ɗa.

Abin da ke kayar da mutane a Sarek ruwa ne da sanyi da tsinin dutse mai santsi. Ka duba amsoshi biyu da ke biye.

Yaya ake ƙetare kogi in babu gada, kuma babu mai riƙe ni?

Da farko ka san daga ina ruwan yake. Kogin da ke fitowa daga ƙanƙara yana hawa da rana yana sauka da dare, don zafin rana ne ke narkar da ƙanƙarar. Wanda ya gagare ka da la'asar yana iya zama wasa da asuba. Ka kafa tanti a bakinsa, ka sa dutse a gefen ruwa don alama, ka duba da safe. Bayan ruwan sama mai ƙarfi kuwa kowane rafi kan kumbura cikin 'yan awanni, kuma yakan sauka da sauri in an ɗauke.

Kada ka ƙetare a inda kogin ya matse, nan ne ya fi zurfi da ƙarfi. Ka nemi inda ya baje ya rarrabu kashi-kashi a kan tsakuwa, ko da hakan na nufin tafiyar awa guda a gefensa. Ka duba abin da ke ƙasa da kai: in akwai gangare ko matsatsin duwatsu, ka bar wurin. Kafin ka shiga, ka kwance ɗamarar jaka ta ƙugu da ta ƙirji, domin in ka faɗi ka iya zame ta, in ba haka ba ita za ta danne ka. Ba a shiga da ƙafa tsirara, sanyin ruwan kan kashe jin ƙafa har ka yanke ba ka sani ba, sai da takalmi mai kama dunduniya. Ka fuskanci inda ruwan ke tahowa, ka dogara da sanda, ka matsa a karkace, ƙafa ɗaya ko sanda ɗaya a lokaci guda. Idonka a kan gaɓar da ka nufa, kallon ruwa mai gudu yana kawo jiri. Kada ka ɗaure kanka da igiya.

Mai tafiya shi kaɗai dole ma'auninsa ya fi na jama'a tsauri. Ruwa mai ƙarfi in ya wuce gwiwa, ka koma. Ruwan ƙanƙara fari ne kamar an dama shi da alli, ba a ganin ƙasansa, sanda ce idonka. In kogi ya ƙi, hanya ta sauya, shi ke nan, kuma abin da ya sa aka ce ka ɗauki abincin ƙarin kwana biyu ke nan.

Lokacin bazararsu ne ai. Sanyi har yana kisa?

Yana yi. Ba sai ƙanƙara ta sauka ba. Awon zafi digiri biyar sama da sifiri, da ruwan sama da iska, a jikin mutumin da ya jiƙe kuma ya gaji, ya isa ya sa zafin jiki ya faɗi. Sarek na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Suwidin, don gajimaren Tekun Atalantika ta can yake ratsowa. Alamar farko rawar ɗari ce da kasa ɗaura igiyar takalmi. In abin ya yi nisa sai tunani ya rikice, kuma nan ne matsalar mai tafiya shi kaɗai: babu wanda zai lura cewa ka fara shirme. Don haka ka tsai da doka tun kana gida. Da ka ga yatsunka sun ƙi aiki, ka tsaya ka kafa tanti, ka sa busassun kaya, ka sha abu mai zafi da sukari, ko da ƙarfe biyun rana ne.

Auduga ba ta da wuri a jakarka, tana riƙe ruwa tana tsotse zafin jiki. Ulu a ciki, riga mai ɗumi a tsakiya, rigar ruwa da wandon ruwa a waje, da hula da safar hannu. Kaya saiti ɗaya na barci ya zauna cikin leda, ba ya fitowa sai a cikin tanti. Buhun barci ya zama wanda ke jure ƙasa da sifiri, tanti kuma wanda aka yi don iskar dutse.

Me zan ci, kuma nawa jakar za ta yi nauyi?

Ta kwana goma takan kai kilo ashirin ko kusa da haka, kuma abinci ne kaso mafi girma, wajen giram 700 na busasshen abinci a yini. Hatsin oti, taliya mai saurin dahuwa, kuskus, madarar gari, man zaitun, cakulan. Namu ma suna aiki sosai: garin kwaki da sukari da gyaɗa ba ya buƙatar wuta, ƙuli-ƙuli da dabino da dakuwa suna da ƙarfi kuma ba sa lalacewa. Kilishi ne dai matsala. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga wajenta, za a ƙwace a filin jirgi. In kana so, ka sayi naman halal a Turai ka busar da kanka. Abincin leda da ake sayar wa masu hawan dutse kuwa, ka karanta abin da ke ciki, ko ka tsaya ga na kifi da na ganye.

Rishon gas ƙarami za ka ɗauka, don a kan tuddai inda itatuwa ba sa tsirowa babu makamashi. Ba a hawa jirgin sama da gwangwanin gas, a Suwidin za ka saya, kuma masaukan Saltoluokta da Kvikkjokk suna da shago.

Ruwan sha fa?

Wannan kam an huta. Mutane na sha kai tsaye daga rafuka masu gudu, kofi kawai suke ratayawa. Ka guji ruwa tsayayye, da wanda ke ƙasa da mazaunin mutane ko inda garke ya taru, da farin ruwan ƙanƙara mai laka. In ka yi shakka ka tafasa.

In hazo ya rufe ni na ɓata fa?

Kwarurukan Sarek manya ne, in sama a buɗe take da wuya ka ɓata. Hazo ne ke sauya lissafi, musamman a kan tuddai da mashigin duwatsu. Ka riƙe taswirar takarda marar jin ruwa, irin ta kamfanin Calazo, da kamfas, ka kuma iya aiki da su kafin ka bar gida. Taswirar waya tana da amfani in an sauke ta tun da wuri, amma sanyi na shanye batir. In ba ka ganin gabanka kuma akwai gangare kusa, ka zauna a tanti har ya yaye. Kan kogin ƙanƙara kuwa ba wurin mutum ɗaya ba ne ko da rana tsaka, akwai ramuka da dusa ke rufewa, masu hawansa ɗaure da juna suke tafiya.

Idan na karye ko na yi targaɗe, wa zai sani?

Babu kowa, sai in ka shirya. Waya ba ta kamawa. Akwai wayar gaggawa a ɗakin Mikka da ke Skárjá, amma mai karyayyar ƙafa a wani kwari ba zai kai gare ta ba. Saboda haka na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach, ba kayan ado ba ce ga mai tafiya shi kaɗai. Ka rataye ta a jikinka, ba a cikin jaka ba, don ranar da kogi ya tafi da jakar ita ce ranar da kake buƙatarta. Tana kuma kawo hasashen yanayi.

Aikin ceto a duwatsun Suwidin yana hannun 'yan sanda, lambar gaggawa 112, kuma masu fita neman mutane galibi mazauna yankin ne da aka horar. In hazo ya sauka jirgi ba ya tashi, kana iya jira yini ko fiye. Ka bar wa mutum ɗaya mai hankali hanyarka a rubuce, da launin tantinka, da ranar fitowarka, da ranar da zai kira 112 in bai ji ka ba. Ranakun nan biyu su bambanta, kada jinkirin kwana ɗaya ya tayar da jirgi a banza.

Yaya zan yi salla a inda rana ba ta faɗuwa?

Daga wajen ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a wannan yanki, bayan nan ma shafaƙi kan daɗe bai ɓace ba. Malamai sun yi fatawa a kan haka: a ƙaddara lokutan da na gari mafi kusa inda dare da rana suke rarrabe, wasu kuma suka ce a bi lokutan Makka. Ka tambayi malaminka tun kana gida, ka rubuta jadawalin a takarda. Mai zuwa a ƙarshen Agusta, kamar yadda aka ba da shawara a sama, zai tarar da magariba da asuba sun dawo.

Alƙibla daga Sarek kudu take, da ɗan karkata zuwa gabas, wajen digiri 150 a kamfas. Wanda ya saba fuskantar gabas daga Kano ko Damagaram ya kiyaye wannan. Kai matafiyi ne, kana da rangwamen kasaru. Ruwan alwala yana da sanyi ƙwarai, ɗan ɗumama shi a risho ba ya cin gas mai yawa, in kuma akwai tsoron cutuwa ta gaskiya, taimama a kan dutse ta halatta a mazhabar Malikiyya.

An ce addini ya hana tafiya mutum shi kaɗai. Gaskiya ne?

Akwai hadisi a Bukhari mai ma'anar cewa da mutane sun san abin da ke cikin kaɗaici, da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. Malamai da yawa sun ɗauke shi a matsayin karhanci, suka ce dalilinsa shi ne hatsari da rashin mataimaki, wato daidai abin da amsoshin nan ke ta nanatawa. Ga mace akwai ƙarin maganar muharrami. Hukunci na malamai ne. Ta fuskar tafiya kuwa, mutum biyu sun fi ɗaya tsira a Sarek, babu jayayya. In ka sami abokin da kuka dace, ka tafi da shi.

Kaɗaicin kansa yakan fi ciwo a dare na biyu da na uku, musamman in ruwa ya tsare ka a tanti. Daga nan jiki kan saba. A Agusta ma, a manyan kwaruruka, da wuya yini biyu su wuce ba ka hango wani tanti ba.

Mutane na zaune a can? Akwai dokokin da zan kiyaye?

Ana kiran Sarek daji, amma makiyaya ce ta al'ummar Sami, 'yan asalin yankin, tun kafin a zana iyakar gandun, kuma sunayen duwatsu da kwaruruka da harshensu suke. Ƙungiyoyin makiyaya na Sirges da Tuorpon da Jåhkågaska ne ke kiwon barewar Sami a nan lokacin ɗumi. Kowace barewa da ka gani tana da mai ita, da shaida a kunne. In garke ya tunkaro, ka zauna shiru har ya wuce, kada ka bi shi don hoto, musamman a farkon bazara lokacin da 'ya'ya ke ƙanana da lokacin yi musu shaida. Bukkokin Sami da rumbunansu ba na baƙi ba ne.

Kafa tanti ya halatta. Ba a kamun kifi a Sarek, ba a tashin jirgi marar matuƙi, ba a sare itace mai rai. Bayan gida a yi shi nesa da ruwa a binne, shara kuma ta fita tare da kai.

Na ji ana maganar tuƙa kwale-kwale sau uku a Aktse. Mene ne wannan?

Kungsleden tana ratsa tafkin Laitaure, faɗin wajen kilomita uku, kuma an ajiye kwale-kwale na kyauta a gaɓoɓinsa. Ƙa'idar ita ce dole a bar aƙalla ɗaya a kowace gaɓa. In ka tarar da ɗaya tak a gefenka, za ka tuƙa shi zuwa can, ka jawo wani ka dawo da shi nan, sannan ka sake komawa. Ga mutum ɗaya da ya gaji, cikin iska, wannan aikin rabin yini ne kuma yana da hatsari. Akwai jirgi mai inji da ke ɗaukar mutane a kan kuɗi a ƙayyadaddun lokuta, haka ma a tafkin Sitojaure a kan hanyar Saltoluokta. Ka riƙe takardun kuɗin Suwidin a leda saboda su, ka tambayi mai kula da ɗakin Aktse lokacin tashin na gobe tun da yamma.